Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga gidajen rediyonmu, a kan tallar maganin "ƙara garkuwar jiki"

Zuwa ga shugabannin gidajen rediyon da ke watsa shirye-shirye da Hausa, da manajojin sashen talla, da masu gabatar da shirye-shiryen lafiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da ma'aikatanku. Allah ya ƙara basira, ya taimaka a kan aikin da kuke yi.

Ranku ya daɗe, ni ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje ne a wani asibitin gwamnati. Ba na duba mara lafiya, ba na rubuta magani. Jini ake kawo min, kuma mafi yawansa na masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki ne, wadda mutanenmu suka fi sani da ƙanjamau. Aikina in ƙirga abu biyu: sojojin jiki nawa suka rage wa mutum, da kuma ƙwayar cuta nawa ke yawo a jininsa. Ni kuma mai sauraronku ne tun zamanin da mahaifinmu ke ɗaure manyan batura a bayan rediyonsa da roba. Don haka ƙorafin nan na ɗan gida ne.

Wata ranar Talata da yamma na shiga adaidaita sahu zan koma gida, direban ya kunna rediyo. Ana ƙarasa shirin lafiya, likita ya yi bayani mai gamsarwa a kan hawan jini. Ko minti ɗaya ba a yi da sallamarsa ba sai ga talla. Wani mai magani ne, da murya irin ta masu wa'azin kasuwa, yana jero cututtukan da maganinsa ke kashewa: basir, sanyi, shawara, ciwon suga. Sai ya sassauta murya ya ce, "har da waccan wadda ba a faɗa." Ya ce maganin na ƙara garkuwar jiki ne, sojojin jiki su yi ƙarfi su cinye cutar, mutum ya huta da haɗiyar ƙwaya kullum. Wata dattijuwa da ke gefena ta ce wa direba ya ƙara murya, ta sa jikarta ta rubuta lambar wayar a tafin hannu da biro.

Na san inda irin wannan lamba take kai mutum. Akwai wani tela da ya shekara da shekaru yana zuwa ana ɗibar jininsa. Mutum ne mai barkwanci, kullum sai ya ce min in rage masa ko na miya. Duk zuwan da ya yi sakamakonsa ɗaya ne: na'ura ba ta gano ƙwayar cutar ba, saboda maganin ya danne ta. Sai muka daina ganinsa. Bayan fiye da shekara ƙanensa ya shigo da shi a riƙe, wando ya yi masa yawa har an ɗaure da igiya, yana tarin da tun daga bakin ƙofa ka san na tarin fuka ne. Sojojin jikinsa sun yi ƙasa da 200, alhali na mai lafiya sukan kama daga 500 zuwa 1,500 a ɗan ɗigon da muke aunawa. Ya ajiye ƙwayarsa ya koma shan na mai talla, keken ɗinkinsa ya tafi a kuɗin jarkokin magani. Ina ɗaure masa hannu zan ɗebi jini ya ce min, "Malam, ai ce min aka yi garkuwata ce ta yi rauni, in na ƙara mata ƙarfi shi ke nan."

Telan nan ba wawa ba ne. Maganar da aka gaya masa tana da kama da hankali, shi ya sa take cin mutane. Sunan cutar ma kansa yana taya mai talla: tunda tana karya garkuwa, ai sai a gyara garkuwar. Ku ba ni aron kunnuwanku in warware muku dalilin da ya sa wannan lissafi bai fita ba. Bayanin yana da ɗan tsawo, amma ku ma'abota bayani ne.

Ku ɗauki jikin mutum a matsayin gari mai gidaje tiriliyan talatin ko fiye. Kowane gida ƙwayar halitta ce guda, da kicin ɗinta inda ake sarrafa furotin dare da rana. Bairos, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo ƙanjamau, ba shi da kicin. Ba ya iya hayayyafa sai ya shiga gidan wani ya karɓe murhu. Muddin yana kan titi, wato cikin jini, akwai sinadaran kariya da ke iya maƙale masa su hana shi shiga. Amma da zarar ya shige ya rufe ƙofa, waɗannan ba sa ganinsa. To ta yaya gari zai san gidan da ɓarawo ke girki a ciki?

Dabarar da Allah ya shirya ita ce: kowane gida dole ne ya ajiye faifai a ƙofar zaure, a kansa a zuba ɗanɗanon duk abin da ake dafawa a ciki. Furotin kamar carbi ne da aka jera da duwatsu iri ashirin. Akwai wata wuƙa a cikin gidan da ke yayyanka wasu daga cikin carbunan zuwa guntaye masu dutse takwas zuwa goma, a ɗora su a faifai, a fitar waje. Wannan faifai shi masana ke kira HLA. Su kuma 'yan sintiri, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD8, suna zagaya unguwa suna leƙa faifai. In abin da ke kai na gida ne su wuce. In suka ga guntun da ba su sani ba, ba sa sallama, ba sa neman ɓarawon ya fito. Sukan huda bangon gidan su zuba guba, gida da abin da ke cikinsa su tafi tare. Wasu masu bincike biyu, Rolf Zinkernagel da Peter Doherty, su suka gano wannan tsari a 1974 a birnin Kanbera na Ostareliya, suna aiki da ɓeraye, kuma a kansa aka ba su kyautar Nobel a 1996.

Kowane ɗan sintiri fuska ɗaya ya haddace. Wanda ya ci karo da tasa sai ya hayayyafa ya zama dubbai, duk masu neman wannan fuska. Kuma tsarin yana aiki, har a kan HIV, ƙwayar da ke kawo ƙanjamau. A makonnin farko na kamuwa ƙwayar cutar takan kai miliyoyi a cikin mililita ɗaya ta jini, sai 'yan sintiri su taso, adadin ya faɗo ƙasa warwas. Mutum ya yi ɗan zazzaɓi, ya sha maganin maleriya, ya ce ya warke. Babu wanda ya ga wannan faɗa a na'ura da zai ce garkuwar ɗan Adam raguwa ce.

Matsalar daga wajen kwafi take. Duk bayanin yadda ake ƙera HIV yana rubuce cikin haruffa kusan 9,700. Kafin ya hayayyafa sai an kwafe wannan rubutu, kuma magatakardansa mai gaggawa ne, ba ya waiwayen abin da ya rubuta, ba shi da mai duba masa. Na jikinmu yana kwafa yana gyarawa, nasa kuwa a kusan kowane kwafi uku sai an sami ɗaya da kuskure. Wannan ba zai zama komai ba da a ce kwafi ɗari ake yi. A 1996 David Ho da Alan Perelson suka lissafa cewa jikin wanda ba ya shan magani yana fitar da sababbin ƙwayoyin HIV kimanin biliyan goma a kowace rana. Ku haɗa lissafin biyu. Duk wani harafi da zai yiwu a canza a cikin rubutun nan, an canza shi yau, sau da yawa, kafin a kira sallar isha'i.

Mafi yawan kurakuran nakasa ƙwayar cutar suke yi, ta mutu a banza. Amma wani kuskuren yakan faɗa daidai kan guntun da 'yan sintiri suka haddace. Dutse ɗaya ya canza, sai guntun ya ƙi zama a faifai, ya zame, ba a fitar da shi waje ba. Wani lokacin yana zama amma kamanninsa sun sauya, ɗan sintiri ya leƙa ya ga baƙuwar fuska da ba ita aka aiko shi nema ba, ya wuce. Wani lokacin ma canjin a gefen guntun yake, wuƙar ta yanka a wani wuri daban, guntun bai samu ba balle a nuna shi. Rodney Phillips da Andrew McMichael da abokan aikinsu a jami'ar Oksfod sun nuna wannan zillewa a jikin masu ɗauke da HIV tun 1991, kuma daga baya aka ga tana farawa cikin 'yan makonni da kamuwa.

Ga wurin da nake so ku tsaya a kai. Ƙwayar cutar ba wayo take yi ba, ba ta da ƙwaƙwalwa. 'Yan sintirin ne da kansu ke share wa mai zillewa fili. Sun kashe duk gidajen da ke nuna tsohuwar fuska, sun bar gidan da ke ɗauke da sabuwar, shi kuma ya cika gari da 'ya'yansa. Iya zafin farautar, iya saurin da sabon nau'in ke mamaye jini. Jiki ya sake horar da wasu 'yan sintiri a kan wani guntu, a sake kuskure a can, a sake zillewa. Kusan kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka kamu ta hanyar saduwa, ƙwaya ɗaya tak ce ta kafa cutar a jikinsu. Bayan wasu shekaru jikokin wannan ƙwaya ɗaya sun rarrabu iri-iri a jikin mutum guda, har bambancin da ke tsakaninsu yakan kai wanda ke tsakanin ƙwayoyin mura na duniya baki ɗaya a shekara guda. To wane ƙarfi za a ƙara wa maharbin da ke harbin inda tsuntsu ya tashi jiya?

Ba a nan ta tsaya ba. HIV na da wani ƙaramin furotin da ake kira Nef, aikinsa ya janye faifan daga ƙofar gida ya shigar da su ciki. Da ma jiki ya yi tanadin wannan: akwai wasu masu gadi, ana kiransu NK, da ke rushe duk gidan da suka tarar babu faifai a ƙofarsa, don sun san ruwa ba ya tsami banza. Ya kamata a ce ɓarawo ya shiga halin gaba kura baya siyaki. Sai dai faifan iri-iri ne, kuma Nef yana zaɓe. Yakan janye na A da na B, waɗanda 'yan sintiri suka fi dubawa, ya bar na C da na E, waɗanda ke kwantar wa masu gadi da hankali. Wasu ƙwayoyin cutar ma suna da irin tasu dabarar. Wadda ke fito wa mutum da ƙuraje a leɓe bayan zazzaɓi takan toshe hanyar da guntaye ke bi su isa faifai, wata kuma 'yar uwarta har faifan jabu take saƙawa ta ajiye a ƙofa.

Sannan ga babbar musibar. Gidan da HIV ta fi son shiga shi ne na kwamandojin da ke ba 'yan sintiri umarni, wato CD4, waɗanda a asibiti muke cewa sojojin jiki. Da ɗan gari akan ci gari. Kuma ba kowane soja take so ba, ta fi hayayyafa a cikin wanda aka tasa, wanda ke cikin shirin faɗa. Garkuwar mai ɗauke da HIV ba barci take yi ba, a tashe take shekara da shekaru babu hutu har ta gaji, 'yan sintirin su zama suna ganin ɓarawo ba sa iya ɗaga hannu. Da a ce akwai garin magani da ke zuga sojojin jiki da gaske, to ƙarin itace zai zama a wutar.

Wannan ba hasashe ba ne, an gwada. Akwai wani sinadari da jiki ke amfani da shi wajen ƙara yawan sojojinsa, ana kiransa IL-2. An yi manyan gwaje-gwaje biyu da mutum fiye da 5,000 a ƙasashe da dama, wasu aka ba su maganin rage kaifin cutar kaɗai, wasu aka haɗa musu da allurar wannan sinadari. Sakamakon ya fito a 2009. Adadin sojojin jiki ya ƙaru a takarda, amma rashin lafiya da mutuwa ba su ragu ba. Wato ainihin "ƙara garkuwar jiki" na kimiyya, wanda aka auna aka ga ya ƙara ɗin, bai tsinana komai ba. Kafin nan, a farkon 2006, an dakatar da wani gwajin mai mutum fiye da 5,000 da aka shirya don a ga ko mai shan magani zai iya hutawa lokaci-lokaci. An tsayar da shi kafin wa'adinsa saboda masu hutawar sun ninka masu sha kullum fiye da sau biyu wajen kwanciya ciwo ko mutuwa.

Abin da ya sa hutun ba ya yiwuwa shi ne HIV tana liƙa rubutunta a cikin rubutun gadon gidan da ta shiga. Wasu daga cikin gidajen sukan kwanta barci da rubutun a cikinsu, ba girki, ba ɗanɗano a faifai, ba abin da ɗan sintiri zai gani. An tabbatar da wannan maɓoya a 1997, kuma an auna cewa kafin rabinta ya ƙare sai an yi wata 44 ana shan magani, wanda ke nufin ƙarewarta gaba ɗaya ta wuce shekara 70. Da an ajiye magani, cikin mako biyu zuwa uku cutar takan dawo jini. A 2015 masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka duba abin da ke kwance a maɓoyar, suka tarar a jikin waɗanda ba su fara magani da wuri ba, fiye da kashi 98 cikin 100 na ƙwayoyin da ke barci sun riga sun sauya fuskokin da 'yan sintirin mutumin suka fi sani. Su ne suka farka a jikin telanmu.

Na san abin da mai talla zai ce: ga shaidu. Ya kawo mace ta yi rantsuwa a iska cewa shekararta biyar rabonta da asibiti kuma garau take. Mai yiwuwa gaskiya ta faɗa. Ko ba a sha komai ba, HIV takan ɗauki shekara takwas zuwa goma kafin ta kwantar da mutum. Bayan haka akwai wasu 'yan tsiraru, ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, da jikinsu ke danne cutar babu magani. Da yawansu sun gaji wani irin faifai ne daga iyayensu, kamar wanda ake kira B57, mai nuna guntu daga wani sashe da ƙwayar cutar ba ta iya canzawa sai ta ji wa kanta ciwo. In ta canza ta tsira daga sintiri, amma ta zama gurguwa, ba ta hayayyafa da sauri. Har an ga in irin wannan gurguwar ta koma jikin wanda ba shi da faifan, sai ta mayar da harafin yadda yake da. Wannan gado ne, ba a sayar da shi a jarka. Kuma ko shi ba dawwamamme ba ne: a Botswana, inda cutar ta daɗe tana yawo cikin jama'a da yawa, an tarar ƙwayar ta saba da wannan faifai har kariyarsa ta dushe.

Akwai kuma shaidar takarda, wadda ta fi ƙona min rai don daga irin ɗakinmu take fitowa. Mutum yana kan maganin asibiti, cutar a danne. Ya fara shan na jarka, ya ajiye ƙwayarsa, bayan kwana huɗu a ce ya je ya yi gwaji. Takarda ta fito "ba a gano ba". A ɗauke ta a karanta a rediyo. Aikin maganin asibiti ne aka yi wa ɗaurin talala aka kai kasuwa da sunan wani. A dawo bayan wata biyu a sake gwajin mana.

Masu neman rigakafin wannan cuta sun fi shekara 40 suna karo da bangon nan. An tsayar da wani babban gwaji a 2007 na allurar da aka ƙera musamman don ta horar da 'yan sintiri, ba ta kare kowa ba. An tsayar da wani a farkon 2023 wanda aka cusa masa fuskoki iri-iri don ya tare nau'o'i da yawa, shi ma haka. Nau'in da ya fi yawa a Yammacin Afirka ma ruwa biyu ne. Ƙwayoyi biyu mabambanta suka haɗu a gida ɗaya, magatakarda ya kwafo rabi nan rabi can, kuma samfurin da aka fara siffanta shi da shi daga Ibadan aka samo shi a shekarun 1990. Wannan ce dabbar da wani ke cewa ya ɗaure da sassaƙe.

Kada wani ya ɗauki maganata ya tafi da ita inda ban aike ta ba, ya ce ashe rigakafi duk banza ne tunda ƙwayoyin cuta na rikiɗa. Ba duka suka iya ba. Ƙwayar ƙyanda tana kuskuren kwafi ita ma, amma wuraren da garkuwa ke kama ta ba sa canzuwa sai ta lalace, shi ya sa allurar da aka samo tun shekarun 1960 take aiki har gobe. Korona tana tsakiya. Lokacin da Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar da nau'in Omikron a Nuwamban 2021, yana ɗauke da canji fiye da 30 a ƙahon da yake shiga jiki da shi, kuma ya zille wa yawancin sinadaran kariya na kan titi. Mutanen da aka yi wa allura suka kamu, aka yi ta shewa a dandalin sada zumunta. Amma da masu bincike a Keftawun suka duba 'yan sintiri, sai suka ga kashi 70 zuwa 80 cikin 100 na ƙarfinsu yana nan. Dalili kuwa korona kwana kaɗan take yi a jiki ta wuce, kuma faifan kowa daban ne, zillewar da ta yi a jikin Audu ba ta amfane ta a jikin Bala. Shi ya sa aka kamu da yawa amma kwanciya asibiti ta yi sauƙi. Inda take samun sararin koyon zillewa shi ne jikin da garkuwarsa ta faɗi. A Afirka ta Kudu an bi wata mata mai HIV da cutar ta ci ƙarfinta, korona ta zauna a jikinta kwana 216, ta tara canji fiye da 30. Kun ga wanda aka raba da maganinsa ba shi kaɗai abin ya shafa ba.

Hanya ɗaya aka samu da ke kashe wannan wasa, ita ce a karɓe alƙalamin magatakarda. In babu kwafi babu kuskure, in babu kuskure babu sabuwar fuska. Aikin maganin rage kaifin cutar ke nan. Da aka fara da magani ɗaya a ƙarshen shekarun 1980, ƙwayar ta zille masa kamar yadda take zille wa sintiri, cikin watanni. Daga 1996 aka koma haɗa uku a lokaci guda, saboda samun kurakuran da za su kauce wa ukun duka a cikin kwafi ɗaya abu ne mai matuƙar wuya. Yau ukun suna cikin ƙwaya ɗaya da ake haɗiya sau ɗaya a rana, kuma kyauta ake bayarwa a asibitocin gwamnati. Mafi haɗari shi ne a sha yau a bari gobe, ko a raba ƙwaya biyu don a haɗa da na jarka. Maganin da ya yi kaɗan a jini ba ya hana kwafi, sai dai ya zaɓo wanda ya fi ƙarfinsa. Wanda kuwa ya riƙe maganinsa har adadin cutar ya sauka ƙasa da 200 a mililita ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Matar telan nan ta yi shekaru ana gwada ta babu komai. A zuwansu na ƙarshe ni na ɗebi jininta, kuma ni na rubuta sakamakon.

An taɓa yin irin wannan a matakin ƙasa. A Janairun 2007 Yahya Jammeh, yana shugaban Gambiya, ya ce ya sami maganin ƙanjamau na ganyaye, aka riƙa nuna marasa lafiya a talabijin, aka sa su ajiye maganin asibiti. Wasu sun mutu, wasu daga cikin waɗanda suka tsira suka kai shi ƙara bayan ya bar mulki. A Afirka ta Kudu ta zamanin Thabo Mbeki ministar lafiya ta riƙa tallar tafarnuwa da lemon tsami a matsayin masu ƙarfafa jiki yayin da gwamnati ke jan ƙafa wajen raba magani, kuma masu bincike na jami'ar Habad sun ƙiyasta rayukan da hakan ya ci da fiye da 330,000. A Nijeriya binciken ƙasa na 2018 ya nuna mutum kusan miliyan 1.9 ke ɗauke da cutar. Da yawansu ba sa iya tambayar kowa a gida saboda tsangwama. Rediyo ne abokin sirrinsu.

Ba gaba nake da maganin gargajiya ba. Kakata da sabara ta raine mu. Maganin maleriyar da muke ba yara yau daga wani ganye ɗan uwan tazargade aka ciro shi a Sin, kuma matar da ta jagoranci aikin, Tu Youyou, ta karɓi Nobel a 2015. Amma sai da aka auna, aka gwada, aka ƙirga waɗanda suka warke da waɗanda ba su warke ba. Duk mai ganyen da yake da yaƙinin nasa na aiki, akwai cibiyar binciken magunguna ta ƙasa a Abuja, ya kai a gwada. Lambar NAFDAC da ake karantowa a ƙarshen talla kuwa, a kan maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba ba a ga illa ta kusa ba. Ba ta ce yana warkar da abin da aka lissafa ba.

Na kuma san halin da kuke ciki. Dizal ya yi tsada, albashi na jiranku ƙarshen wata, kuma masu maganin nan su ne ba sa cin bashi. Ban ce ku kore su ba. Wanda ke tallar maganin basir ya yi tallarsa. Roƙona shi ne kafin a sa talla a iska wani babba ya saurare ta, in aka ji an ambaci ƙanjamau, ko aka kewaya aka ce "wadda ba a faɗa", ko "ciwon zamani", ko aka ce mutum zai huta da shan ƙwaya, a mayar wa mai ita da kuɗinsa. Shirye-shiryen da ake sayar wa mai magani rabin awa yana amsa waya kai tsaye sun fi tallar haɗari, don a nan ne ake cewa mace ta ajiye na asibiti kada su yi karo a ciki. Mai gabatarwar da ke zaune a gefe yana cewa "Allah ya saka da alheri, malam" ya sani muryarsa ce ta zama hatimi.

Su kuma masu shirin lafiya, ku taimaka ku rage yawan faɗin "ƙara garkuwar jiki" ko a kan kankana da zogale ne. Abinci mai kyau yana gina jiki, wannan gaskiya ne, ku faɗe shi haka. Amma kalmar ta zama gadar da mai jarka ke takawa. Ku ware ko minti goma sha biyar ku gayyato likitan da ke kula da masu wannan cuta, ko ɗaya daga cikinmu masu gwaji, ya yi wa jama'a bayanin faifai da magatakarda. Na gwada shi a kan benci a gaban ɗakinmu, da dattawan da ba su taɓa shiga aji ba, kuma sun gane tsaf. Wani ma da na gama ya ce min, "Wato ɓarawon riga yake canzawa." Na ce masa har da hula.

Telan yana nan da rai. Ya gama wata shida na maganin tarin fuka, an mayar da shi kan ƙwayarsa, shi da matarsa yanzu rana ɗaya suke zuwa karɓa. Yana ɗinki a shagon wani kafin ya tara kuɗin keke. Ita kuwa dattijuwar adaidaita sahu a bakin wata kasuwa ta sauka, tana riƙe da hannun jikarta ta wuyan hannu don kada lambar ta goge.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ja zamaninku. Wassalam.

Naku mai sauraro,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje.